Ta Yaya Ka Sani? Mabuɗin Falsafar Mabiya Buda

A cikin ƙarni na 7 na Miladiyya, daidai zamanin da hasken Musulunci ke ketowa a ƙasar Hijaz, wani malami Basine mai suna Shuwanzang ya bar garinsu, ya keta hamada da duwatsu masu ƙanƙara, ya biyo ta tsakiyar Asiya, har tafiya ta kai shi wata babbar makaranta ta mabiya Buda da ake kira Nalanda, a yankin da yau ake ce wa Bihar cikin ƙasar Indiya. A labarin tafiyarsa, wanda aka rubuta bayan ya koma gida a shekarar 645, ya ce dubban almajirai ke zaune a wurin, ba su da aiki dare da rana sai karatu da munazara, kuma baƙon da ya zo da nufin shiga cikinsu sai mai tsaron ƙofa ya tare shi da tambayoyi masu wuya, har ya zama a cikin kowane mutum goma, bakwai ko takwas kan juya da baya don sun kasa ba da amsa. Cikin fannonin da shi kansa ya zauna ya karanta a can har da ilmin dalili, wanda malamanmu za su kira manɗiƙi.

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa mutanen da aka sani da zuhudu da askakken kai da ƙoƙon bara, da irin wannan kaifin jayayya? Amsar wannan tambaya ita ce mabuɗin falsafarsu duka. Wanda ya ɗauki aƙidojin mabiya Buda ɗai-ɗai, ya ji sun ce babu abu mai dawwama, ya ji sun ce babu wani rai tabbatacce a cikin mutum, ya ji sun ce rayuwa wahala ce, zai ga kamar maganganu ne warwatse na mutanen da duniya ta ishe su. Amma wanda ya shigo ta ƙofar tambaya guda, watau mene ne sani kuma ta wace hanya ake samunsa, zai tarar kowace aƙida a cikinsu natija ce ta wani ma'auni da suka kafa wa ilmi, suka kuma bi shi har inda ya kai su, ko da ya kai su inda mu ba za mu bi su ba.

Cutar da maganinta

Sidarta Gautama, wanda aka yi wa laƙabi da Buda, ɗan sarauta ne na ƙabilar Sakya, an haife shi a Lumbini cikin ƙasar Nefal ta yau, wajen ƙarni biyar kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Bisa riwayar mabiyansa, yana da shekara 29 ya bar gida, ya shekara shida yana gwada hanyoyin masu azabtar da jiki har ya ga ba su da fa'ida, sa'an nan ya shekara 45 yana zagaya garuruwan kwarin kogin Ganga yana karantarwa, ya mutu yana da shekara 80.

Karantarwarsa ta farko an tsara ta ne yadda likita ke tsara magana a kan majinyaci: ga cuta, ga sababinta, ga tabbacin tana warkuwa, ga kuma magani. Cutar ita ce wahalar da ke tattare da rayuwa, tun daga tsufa da ciwo da mutuwa har zuwa rabuwa da abin ƙauna da haɗuwa da abin ƙi. Sababinta kwaɗayi ne. Warakarta mutuwar wannan kwaɗayi, abin da suke kira nirbana. Maganinta kuwa hanya ce mai rassa takwas, wadda reshenta na farko shi ne daidaitacciyar fahimta. To, da aka ƙara tona sababin, aka jera sarƙar abubuwa 12 waɗanda kowanne ke haifar da na gabansa har su ɗaure mutum cikin haihuwa bayan haihuwa, domin su masu imani ne da tanasuhi, sai aka ga abin da ke kan sarƙar shi ne jahilci. Jahilcin kuwa irin wanda malamanmu ke kira murakkabi ne, na mutumin da bai sani ba kuma yana zaton ya sani, ya ɗauki mai gushewa a matsayin mai dawwama, ya ɗauki abin da ƙarshensa baƙin ciki ne a matsayin jin daɗi, ya ɗauki tarin abubuwa masu sauyawa ya ce shi ne "ni". In kuwa har tushen cuta kuskure ne na sani, ashe yanka da wankan kogi da azabtar da jiki ba za su warkar da ita ba, sai gyaran sanin. Sani kuma ba ya gyaruwa sai an gane abin da ya raba ingantaccensa da gurɓataccensa. Ta nan ne bahasin ilmi ya zama a wurinsu wani sashe na neman tsira.

A cikin tsofaffin littattafansu da aka adana da harshen Fali akwai labarin wata ƙabila da ake kira Kalama, mazauna garin Kesafutta, waɗanda masu wa'azi suka dame su, kowane ya zo sai ya yabi tasa hanya ya zubar da ta ɗan'uwansa, har mutanen suka rasa wanda za su gaskata. Da Buda ya sauka garin suka kai masa kukansu, sai ya lissafa musu abubuwa goma waɗanda bai kamata ɗayansu ya zama shi kaɗai ne madogara ba. A cikinsu akwai abin da aka gada kaka da kakanni, da jita-jita, da abin da aka tarar a rubuce, da girman malami a idon almajirinsa; kuma, abin lura, har da ƙiyasin hankali tsagwaronsa, da ra'ayin da mutum ya karɓa don kawai ya kwanta masa a rai. Waɗansu mutanen zamani kan ɗauki wannan labari hujjar cewa kowa ya bi son zuciyarsa, alhali kuwa ƙarshen labarin ya ƙaryata su, domin ma'aunin da ya ba su shi ne su dubi hali kamar haɗama da ƙiyayya da ruɗu, su ga da kansu abin da yake jawo wa mai shi, su kuma dubi ko masu hankali suna yabonsa ko suna zarginsa. Imani ma bai hana shi ba. Abin da ya sharɗanta a wani wuri shi ne mai imani ya kira imaninsa da sunansa, kada ya ɗaga shi zuwa matsayin abin da ya gani ya tabbatar.

Karusar sarki

Yadda wannan ma'auni ke aiki a kan mas'alar rai ya fi fitowa fili a cikin wata muhawara da aka rubuta tsakanin wani sarki da wani malami. Sarkin Bayunane ne, daga cikin waɗanda suka mulki arewa maso yammacin Indiya bayan zamanin Iskandari, wajen ƙarni na 2 kafin Miladiyya. Littattafan Fali na kiransa Milinda. Ya tambayi malamin sunansa, malamin ya ce Nagasena ake kiransa, amma fa suna ne kawai da aka saba, in an bincika ba za a tarar da wani tsayayyen mutum a bayan sunan ba. Sarki ya ga abin ya wuce hankali, ya ce to wa ke karɓar sadaka, wa ke kiyaye dokokin zuhudu? Malamin ya tambaye shi da me ya zo, ya ce da karusa. Sai ya bi sassanta ɗaya bayan ɗaya, ko ƙafafun ne karusa, ko sandar da ta ratsa su, ko mazaunin, ko karkiya, ko linzami, kowanne sarki ya ce a'a. Ko kuwa wani abu ne dabam ban da waɗannan, nan ma ya ce a'a. Daga ƙarshe sarki da bakinsa ya ce karusa suna ne da ake faɗa idan waɗannan sassa suka haɗu. Malamin ya ce haka mutum yake, tari biyar ne suka haɗu: jiki, da jin daɗi ko zafi, da shaida abubuwa, da niyyoyi da ɗabi'un zuciya, da sanin da ke tare da su, kowannensu kuwa cikin sauyawa yake.

Kada a zaci suna cewa babu karusa sam, ai sarki bai zo da ƙafa ba. Abin da suka fitar daga nan shi ne gaskiya hawa biyu ce: ta urfi, wadda da ita ake ciniki da shari'a da gaisuwa, da ta haƙiƙa, wadda ke saura bayan an warware abu zuwa sassansa.

Wajen ƙarni na 2 na Miladiyya wani malami daga kudancin Indiya, Nagarjuna, ya kai wannan bincike matuƙa, ya ce babu wani abu, ƙarami ko babba, da ke tsaye da zatinsa, kowane abu jingine yake da waninsa. Hanyoyin sani ma bai ƙyale su ba. Ya ƙure abokan jayayyarsa da cewa, in da ma'auni ake tabbatar da kowane abu, to shi ma'aunin da me aka tabbatar da shi? In da wani ma'aunin ne, wancan ma yana bukatar wani, haka har ba iyaka. In kuwa abin da aka auna ne ke tabbatar da ma'auni, an yi zagaye an dawo inda aka tashi. Ɗalibin tauhidi zai gane waɗannan ramuka biyu nan take, domin su ne tasalsuli da dauri da ya saba ji a bakin malaminsa. Wannan suka ta bar wa na baya aiki: ko dai su bar maganar hujja ɗungum, ko su sake gina ta a kan harsashin da ya dace da aƙidarsu.

Hanyoyi biyu, babu ta uku

Wanda ya ɗauki aikin ginin shi ne Dignaga, wanda ya rayu wajen 480 zuwa 540. Kowace mazhaba ta Indiya tana da adadin hanyoyin sani da ta yarda da su: Dahariyyarsu, waɗanda ake kira Carbaka, sun ce hanya guda ce, abin da gaɓoɓi suka riska, mazhabar Nyaya, ma'abota manɗiƙi cikin Barahimawa, ta ce huɗu ne, riskar gaɓoɓi da istidlali da kamantawa da labarin amintacce, daga baya Kumarila, babban mai kare littattafan Beda, nassoshin addinin Barahimawa, ya kai su shida. Dignaga kuwa, a cikin babban littafinsa mai babi shida, Pramanasamuccaya, ya ce biyu ne kacal, mushahada da istidlali, domin abubuwan da ake sani su ma iri biyu ne: akwai abu keɓantacce, wannan da ke gabanka yanzu wanda babu irinsa sak, akwai kuma ma'ana gamammiya wadda hankali ke shimfiɗawa a kan abubuwa da yawa, abin da masu manɗiƙi ke kira juz'i da kulli. Na farko mushahada ke kama shi, na biyu istidlali.

Zurfin maganar yana cikin yadda ya iyakance mushahada. Ya ce ita ce riskar da tunani bai sa mata hannu ba, wadda ba a riga an liƙa mata suna ko jinsi ko sifa ba. Idan ido ya faɗa kan shuɗin abu, a ƙiftawar farko shuɗin kawai ke bayyana. Lokacin da zuciya ta ce wannan shuɗi ne, ko wannan riga ce, ko wannan rigar wane ce, an riga an fita daga gani an shiga hukunci, an ɗauko tuni da kalma da kamance an ɗora a kan abin da ido ya kawo. Mukan ce gani ya kori ji. Dignaga zai yarda, amma zai ƙara da cewa mafi yawan abin da muke kira gani, ji ne da muka taɓa yi ya dawo cikin kamannin gani. Daga nan sai maganar karusa ta ƙara fitowa: ido bai taɓa ganin "karusa" ba, mai duba cikin zuciyarsa kuma bai taɓa cin karo da "ni" ba, abin da ake tararwa launi ne da sauti da zafi da tunani mai wucewa, sunan kuwa mu muka ɗora.

Sai dai in ma'anoni gamammu ba su da samuwa a waje, me kalma take nunawa? Barahimawa sun ce akwai wata haƙiƙa guda da ke zaune cikin kowace saniya, ita ce ta sa aka kira su duka da suna guda. Dignaga ya ce babu, kalma aikinta warewa ne. Wanda ya shiga kara ranar kasuwa ya ga farar bunaji da jar rahaji da bokolo mai gajeren ƙaho, ba zai iya ɗora yatsa a kan wani abu guda da ke cikinsu duka sak ba, amma ya san babu doki a cikinsu, babu raƙumi, babu jaki. To kalmar saniya, a ra'ayinsa, iyakarta ke nan, ta kore duk abin da ba saniya ba, ta bar saura a garke guda. Kumarila ya yi masa raddi da cewa ba ka sanin abin da ba saniya ba sai ka fara sanin saniya, aka kuma shafe ƙarnoni ana kai ruwa rana a kan wannan mas'ala.

Game da istidlali kuwa, ya kafa sharuɗɗa uku da dalili zai cika kafin a karɓe shi. Misalin da malaman Indiya suka saba bugawa shi ne na wanda ya hango hayaƙi a kan dutse ya ce akwai wuta. Sharaɗi na farko, dalilin ya tabbata a wurin da ake magana a kai, watau hayaƙin ne da gaske, ba hazo ba. Na biyu, a same shi a wani wurin da aka san akwai wuta, kamar madafa. Na uku, kada a taɓa samunsa inda babu wuta, kamar tafki. Ya kuma zana jadawali mai gida tara na duk yadda dalili zai iya kasancewa, ya nuna gida biyu kaɗai ke ba da ingantacciyar natija.

Sanin da ba ya yaudara

Bayan Dignaga da kamar ƙarni guda sai Darmakirti ya zo, ya yi wa littafin nan sharhi mai suna Pramanavarttika, sharhin da ya danne matanin har ya zama shi ake karantawa. Ya ƙara wa mushahada sharaɗi, cewa kada ta zama ruɗaɗɗiya, domin mai ciwon ido kan ga wata biyu, wanda ke cikin jirgin ruwa kan ga itatuwan gaɓa suna tafiya, wanda aka juya bakin wuta da sauri a gabansa kan ga zoben wuta. Ya kuma amsa tambayar da ta fi kowace nauyi, watau da me za a gane ingantaccen sani. Ya ce shi ne wanda ba ya yaudarar mai shi in ya tashi aiki da shi, abu na haƙiƙa kuma shi ne wanda ke iya aikata wani abu: wutar gaske tana ƙuna tana dafa abinci, wutar da ke cikin tunani ba ta ɗumama kowa.

To, in istidlali da ma'anoni yake aiki, ma'anoni kuwa ƙirar hankali ne, yaya za a amince da shi? A nan ya kawo misali mai kyau. Mutum biyu suka hango ƙyalli, kowannensu ya zaci lu'ulu'u ne ya sheƙa a guje. Na ɗaya hasken fitila ya gani, na biyu kuwa hasken lu'ulu'u ne na gaske. Dukansu sun yi kuskure, domin haske ba shi ne lu'ulu'u ba, amma na biyun zai isa ya ɗauki dukiya, na farko ya koma hannu wofi. Haka istidlali yake, ba ya nuna maka abu yadda yake, amma da yake a ɗaure yake da abin, yana kai ka gare shi. Ɗaurin kuwa dole ya zama na tilas, ko na illa da ma'aluli kamar wuta da hayaƙi, ko na haƙiƙa guda kamar a ce wannan bishiya ce domin tsamiya ce; yawan ganin abu biyu tare bai isa hujja ba.

Da wannan ma'auni ne aka kafa hujjar aƙidar da ta fi kowace baƙunta ga kunnenmu, cewa duk abin da ke akwai ƙiftawa guda yake yi ya gushe, wani mai kama da shi ya maye gurbinsa. Ga yadda hujjar take: samuwa ita ce iya aiki, abin da ba ya sauyawa sam, in yana da ikon haifar da wani abu, ya kamata ya haife shi tun farko kuma kullum, domin babu abin da ya rasa jiya da ya samu yau, in kuwa yau ya haifar jiya bai haifar ba, ashe ya sauya. Malamansu na baya suka buga misali da ƙwayar iri, wadda ke cikin rumbu ba ta tsiro, wadda ke cikin gona tana tsiro, saboda haka ba abu guda ba ne ko da ido ya ce guda ne. Da wannan hujja suka kore dawwamammen rai, da ita kuma suka yi musun Mahalicci madawwami, nan ne kuwa hanyarsu ta rabu da ta ma'abota tauhidi rabuwa cikakkiya. Malaman Nyaya, irin su Udayana, sun mayar musu da martani cewa ƙwayar guda ce, abin da ta jira shi ne ruwa da ƙasa, jiran mataimaki kuwa ba sauyawar zati ba ne. Suka kuma tambaya, in wanda ya gani jiya ba shi ne na yau ba, wa ke tunawa? Mutakallimai na Musulmi, da suka gamu da irin wannan shubuha daga bakin masu bin falsafar Yunan, sun amsa da cewa Allah mai aiki ne da irada da zaɓi, aikin irada kuwa shi ne keɓance abu da lokacinsa.

Saura maganar nassi. Tun da hanyoyi biyu ne kawai, ina matsayin maganar Buda kansa? Suka ce reshe ce ta istidlali. Abubuwa hawa uku ne: bayyananne, wanda gaɓoɓi ke riska, ɓoyayye, wanda dalili ke kaiwa gare shi, da mai nisan ɓoyuwa, kamar filla-fillar sakamakon ayyuka, wanda ba a isa gare shi sai ta labari. A hawa na uku kaɗai ake jingina da nassi, shi ma bayan an jarraba shi a inda ake iya jarrabawa, an ga bai saɓa wa gani ba, bai saɓa wa dalili ba, bai kuma warware kansa ba. A ganin Darmakirti, sanin adadin ƙwarin duniya ko hangen nesa ba su ne ke sa a bi malami ba, in da haka ne da ungulu ta cancanci a bi ta. Abin da ake nema gare shi shi ne sanin abin bari da abin riƙo, da hanyar kaiwa gare su.

Daga Nalanda zuwa Tibet da Balhu

Makarantun Bihar sun durƙushe wajen shekarar 1200, lokacin da rundunonin Turkawa suka ci yankin, littattafai masu yawa kuma suka salwanta a harshensu na asali, Sanskirit. Abin da ya ceci wannan ilmi shi ne mutanen Tibet sun riga sun fassara shi zuwa harshensu, suka kuma adana waɗansu tsofaffin rubuce-rubucen ganyen kaba, waɗanda wani malami Ba'indiye, Rahul Sankrityayan, ya je ya tarar a shekarun 1930. Har yau a manyan makarantunsu, irin su Sera da Ganden, almajiri kan shekara da shekaru a kan Darmakirti, in an tashi karatu kuma a fita tsakar gida munazara: mai amsa yana zaune a ƙasa, mai tambaya yana tsaye a kansa da carbi a hannu, in ya jefa tambaya sai ya taka ƙafa ya tafa hannu da ƙarfi, mai amsa kuwa ba shi da damar dogon bayani, sai dai ya ce na yarda, ko me ya sa, ko dalilin bai tabbata ba, ko bai lizimta ba.

Magabatanmu ba su rasa labarin waɗannan mutane ba. Lokacin da Musulunci ya isa Hurasan, birnin Balhu cibiya ce ta mabiya Buda, kuma Baramika, waziran Abbasiyawa a zamanin Haruna Rashid, zuriyar masu kula da gidan ibadar Naubahar ne na wannan birni. Littattafan kalami suna kiran mabiya Buda Sumaniyya, suna ba da labarin jayayyarsu da mutakallimi Jahmu ɗan Safwan, wanda aka kashe a shekarar 746, inda suka tambaye shi ko ya taɓa riskar Ubangijinsa da ɗaya daga cikin gaɓoɓin nan biyar. Imam Nasafi ya lissafa sabubban ilmi uku a farkon aƙidarsa, lafiyayyun gaɓoɓi da labari na gaskiya da hankali, mai sharhinsa Taftazani kuma ya ambaci Sumaniyya cikin masu musun cewa nazarin hankali yana ba da ilmi. Amma wanda ya biyo mu zuwa nan ya ga wannan siffa ba ta dace da Dignaga da Darmakirti ba, mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu wajen gyara sharuɗɗan dalili. Ta fi kama da ta Carbaka. Labari ne ya iso wa malamanmu, littattafan ba su iso ba. Biruni kansa, wanda ya koyi Sanskirit ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen 1030, ya faɗi cewa bai sami littafin mabiya Buda ko wani malaminsu da zai ɗauka daga bakinsa ba.

Yau wannan uzuri ya kau, domin littattafan sun fito, an buga su, an fassara su zuwa harsuna da dama, kuma ɗalibin da ya karanci Sullamu na Ahalari a manɗiƙi, ya karanci Ummul Barahina ta Sanusi a tauhidi, yana riƙe da kayan aikin da zai bi wannan jayayya daki-daki. Imam Gazali bai yi raddi ga masu falsafa ba sai da ya zauna ya ƙware a kan maganarsu, ya rubuta littafi yana bayyana manufofinsu. Mabiya Buda a yau ɗaruruwan miliyoyi ne, a Sin da Japan da Tailan da Siri Lanka da sauransu. Haƙƙinsu ne a kanmu mu siffanta su da abin da suka faɗa, haƙƙin kanmu ne kuma mu san da hujja inda muka rabu da su. Akwai kuma abin da za mu amfana da shi ko da mun ƙi natijarsu duka, shi ne horon nan na rarrabe abubuwa uku da harshe kan cakuɗa: abin da na gani, abin da na fahimta da dalili, da abin da aka gaya mini. Mutumin da ya saba wa kansa, kafin ya buɗe baki a majalisa ko ya ba da shaida gaban alƙali ko ya kai labari gaba, ya tsaya ya tantance a wane hawa maganarsa take, ya kuma faɗe ta a hawanta, ya kuɓuta daga da yawa cikin zunuban harshe, ya kuma kuɓutar da jama'arsa daga fitinun da asalinsu zato ne aka sayar da sunan yaƙini.